Ruwan Toka

Shekara sha ɗaya ina wanki a bakin Binuwai,
ƙasan gadar Garwa, inda dutse ya san gwiwata.
Garin sabulun kanti ya cinye min tafin hannu,
ya tsage, ya dare,
har ruwan alwala na riƙa jin tsoro.

Ran nan Barka masunci ya tsaya a kaina da koma a kafaɗa.
Ya ce, "Tanimu, dubi kumfarka."
Na duba.
Ta kwanta a gefen ruwa fari fat kamar audugar kaka,
a ƙarƙashinta 'yan tarwaɗa, ciki sama.
Ban tanka ba. Na ɗaure kayan mutane, na hau tudu.

Goggo Tabawa ce ta koya min,
tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan masallacinmu,
ido ɗaya gare ta, amma ba abin da ke wuce shi.
Ta ce, "Karan dawa za ka ƙona, da ɓawon gyaɗa in ka samu.
Huda gindin tukunya, shimfiɗa ciyawa,
zuba toka, zuba ruwa, ka je ka yi barcinka."

Ban yi barci ba.
Dare duka ina jin sa, ɗis, ɗis, cikin kwano,
da asuba ya yi ja kamar shayin da aka manta a wuta.
Na ɗiga a harshe, ya cije ni.
Goggo ta ce, "To, ya gaishe ka."

Na farko ya ƙi kamawa, ya tsaya kamar kunu.
Na biyu ya kama, ya kuma kama rigar Malam Jauro,
ya huda ta a ƙirji.
Sefa dubu uku na biya, da ban haƙuri na mako guda.

Yaron mahauta ya zo da kitse a roba,
wai da araha, wai shi ke sa sabulu tauri.
Goggo ko kallonsa ba ta yi ba.
"Abin da ya taɓa numfashi ba ya shiga tukunyata.
Ga man auduga, ga kaɗanya,
ga 'ya'yan darbejiya suna zuba a titi, ba mai tsinta."

Na tsinta. Na daka. Ɗacin ya bi ni har cikin tuwo.
Na juya muciya tun hantsi har kafaɗa ta daina zama tawa,
sai ga shi ya yi nauyi, ya yi duhu,
ya bar gefen tukunya da kansa.
Na dunƙula shi da ɗumi,
na naɗe a takardar buhun siminti,
leda kam mun raba hanya.

Yanzu gidan namu ya koma wani iri.
Matata Yelwa na goge tukwane da toka da lemun tsami,
soso na rataye a danga, nan ya tsiro, nan ya bushe,
ruwan ɗauraya kuwa gindin gwanda yake zuwa,
gwandar ba ta yi ƙorafi ba.

Masu kaya ne ke ƙorafi.
"Ina kumfar?" in ji su. "Wanki ba kumfa?"
In ce su shinshina wuyan rigar.
Wasu su dawo, wasu su kai wa na gaba da ni.

Kifi bai dawo ba tukuna.
Mu arba'in ne a kan duwatsun nan, ni kaɗai ke da baƙin sabulu,
kogi ma bai san na sauya ba.
Amma jiya na yi alwala ban ciji leɓe ba,
Barka kuma ya zo wucewa,
ya ɗauki guda a kwandona, ya juya shi, ya shinshina,
ya sa a aljihu.
Bai biya ba. Ban tambaya ba.